Daddawa Mai Jan Ƙwai

A shekarar da na shiga kolej a Filinge, duk ajinmu babu wanda ya kai ni tara ƙwai a lissafi. Ƙwai muke ce wa sifirin da malami yake zanawa da jan bik, wato biro, a saman takarda idan mutum bai ci ko ɗaya ba. Malamin lissafinmu, wanda muke ce wa Mushe, ba ya yin ƙwai da garaje. Sai ya gyara zama, ya karkata kai, ya ja layin a hankali har ya dawo inda ya fara, ga shi babba, daidai gindin kofin shayi. Ni kuwa in karɓi kayena, wato littafin rubutuna, in rufe, in koma bencin baya. Ban cika magana ba a lokacin. Har yanzu ma da sauƙi dai.

Iyayena suna ƙauye, saboda haka a gidan kawuna nake zaune, ɗaki ɗaya da Kaka, mahaifiyar uwata. Ita kaɗai ce a duniya take murna da ƙwan nan. Duk ranar da kayen lissafi ya cika, za ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi dab da hancinta, tana buɗe shafi tana gyaɗa kai.

"Wanga Mushe shina da hannu," in ji ta. "Dubi yadda shika rufe bakin abin."

Kaka ta yi shekaru tana karɓar haihuwa. Rabin mutanen unguwarmu ita ta yanke musu cibiya. Da idonta ya yi rauni sai ta koma yin daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, wadda warinta ke riga mai ita isa kasuwa. Ran Lahadi take kasa ta a gindin wani gawo, ni in ɗaukar mata kwando in zauna a bayanta. Ba ta sa daddawa a leda, ta ce leda na sa ta gumi. Da tsofaffin kayena take ƙunshi.

Abin da na fara lura da shi shi ne, shafukan tarihi da na labarin ƙasa a kan faifai take barin su, amma masu ƙwai sai ta ware ta tura ƙarƙashin tabarma. In ta yi ƙunshi da su kuma, kullum ƙwan yana sama, yana kallon mutum. Ƙunshi shida take yi irin wannan duk mako, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Kuma ran Asabar da la'asar take yin su, bayan ta aike ni rijiya ko da randa a cike take.

Wata Asabar guga ya tsinke na dawo da wuri. Na same ta ta jawo kwalin sabulu daga ƙarƙashin gado, wanda wata mata mai aiki a likita, wato asibitin garinmu, take kawo mata a bayan babur duk farkon wata. Babu sabulu a ciki. Ƙananan ledoji ne masu ƙyalli, manne da juna a jere. Na san su, don akwai hotonsu a bangon likita kusa da na gidan sauro. Kwaroron roba ne. Kaka tana naɗe jere ɗaya ya dunƙule, ta sa siririyar daddawa a ƙasa, ta sa wata a sama, ta ƙunshe da lissafina.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

"Mi kinka gani?"

Na ce, "Ban ga komi ba."

"Madalla. Ashe lakkwal ɗin taku tana da amfani. Miƙo min wancan mai babban ƙwan."

Lakkwal take ce wa makaranta. Daga ranar ba ta ƙara aikena rijiya ba.

Ƙunshin shida na mata shida ne da ke zaune a wani gida bayan tasha, inda motocin Yamai ke lodi. Mutanen gari suna da sunaye da yawa da suke kiran su da su. Kaka "ɗiyan tasha" take ce musu. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa gindin gawon, su tsuguna kamar kowa, su ce, "Inna, akwai ta Yamai?" Kaka ta lalubo mai jan ƙwai ta miƙa. Idonta ba ya rabe fuska, amma yana ganin ja. Abin alfaharinta kuma shi ne, ko ita da ta naɗa ba ta iya bambance ƙunshin biyu da hannu ko da hanci. Ƙwan kaɗai ne shaida. Kuma ba wanda zai tambayi dalilin ƙwai a takardar 'yar makaranta.

A likita kyauta ake ba da abin, amma bencin jiran yana fuskantar titi, ga teloli a zaune ƙarƙashin rumfa ba abin da ke wuce su. Mai shagon magani kuma da ƙarfi yake maimaita duk abin da aka tambaye shi, kamar mai shela. Mazan da ke zuwa gidan ba sa zuwa da shi, wasu ma sai an yi faɗa da su kafin su yarda. Kwandon Kaka shi ne kaɗai hanyar da ba ta da 'yan kallo. Kawuna kuwa, wanda kullum yana sahun farko a masallaci, da zai ji abin da ke ƙarƙashin gadon uwarsa, a tsakar gida zai cinna masa wuta. Kaka ta sani, matan ma sun sani.

A cikinsu wadda na fi lura da ita wata doguwa ce daga wajen Imanan. Ɗan kunne ɗaya take sawa, a kunnen hagu, kuma kullum da asuwaki a bakinta. Ita take fara zuwa, tun hantsi. Wata rana na ji tana ba Kaka labari da murya ƙasa-ƙasa. Wadda suke ɗaki ɗaya da ita a da ta yi ta ramewa har zane ya daina zama a ƙugunta, aka mai da ita ƙauyensu a amalanke, ba ta kai lokacin kaka ba. Doguwar ita ta wanke mata kaya na ƙarshe. Tun ranar ta yi rantsuwa ba za ta ƙara buɗe wa kowa ƙofa ba sai da roba a hannunta. Kuma tana da ɗiya guda a wajen uwarta, ta ce ba ta son ƙara wani da za a tambaye ta ubansa ta rasa amsa.

In ta karɓi ƙunshinta sai ta leƙo bayan Kaka inda nake ɓoye.

"'Yar lakkwal, Mushe ya yi miki ƙwai wanga mako?"

In gyaɗa kai.

"Nawa?"

In ɗaga yatsa uku.

"Allah shi ƙara!"

Ban taɓa sanin amsar da ta dace da wannan addu'a ba. Kaka ce take cewa amin.

Bayan hutun farko wata yarinya ta bar makaranta, Mushe ya mai da ni wurinta a bencin gaba. A nan na gane cewa allon ajinmu yana da wani wuri da ya goge yana ƙyalli, kuma daga baya ba a ganin abin da aka rubuta a wurin sai dai a yi cinta. Ashe duk watannin nan amsoshina daidai suke, tambayoyin ne ba nasa ba. A mako na farko na ci bakwai cikin goma. A na uku na cinye duka. Maimakon ƙwai, sai Mushe ya riƙa rubuta ɗan yabo da Faransanci a gefe, ƙarami kamar sawun tururuwa.

Na kai wa Kaka kayen da murna. Ta kai shi hancinta, ta buɗe, ta buɗe, ta juya shi ƙasa a sama, ta sake buɗewa.

"Mushen naku ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa lau, Kaka. Ni ce na iya."

"Kin iya mi? Wa ya aike ki?"

Tsofaffin shafukan da ke ƙarƙashin tabarma suka yi ta raguwa. Kaka ta gwada sa alama da gawayi, ta goge a hanya. Ta gwada ɗigon jan goro, sai wata mata ta ce ita irin mai ɗigon take so, ai da gani ta fi kyau, da ƙyar Kaka ta ƙwace. Ta ce in zana ƙwan da kaina. Amma a makarantarmu ɗalibin da aka kama da jan bik ɓarawon maki ne, a gaban tuta ake tsayar da shi. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to in faɗi sau shida a mako, sauran in ci abina. Na yi kuka. Doguwar ma, da ta ji, ta cire asuwaki ta dube ni kamar wadda aka ce ta kamu da wani ciwo.

"Kai! Yarinya tana zamanta lafiya."

Ranar da shafi na ƙarshe ya ƙare, Kaka ta ƙunshe shidan da sabon kayena marar ƙwai, ta ce za ta jera su a hagun kwando, daddawar gaske a dama. Saura mako biyu Layya, kasuwa ta cika da raguna da masu sayensu daga ko'ina. Ko gama kasa kaya ba mu yi ba wani rago mai baƙin wuya ya tsinke igiya, ya biyo ta tsakanin masu kuka da masu gishiri, ya sa ƙaho ya kifar da kwandon. Jama'a suka taru suna taya mu tsinta, kowa na jefawa ciki yana "sannu Inna". Kafin in ƙifta ido babu hagu babu dama.

Na raɗa mata cewa mu buɗe mu duba.

"Nan? Gaban mutane?" in ji ta. "Shekara nawa ina lalubar ciki in hwaɗi inda kan yaro yake? Ƙunshi za shi gagare ni?"

Doguwar ta zo da hantsi kamar kullum. Kaka ta auna wannan a tafin hannu, ta auna wancan, ta matsa, ta shinshina, ta miƙa mata ɗaya da ƙarfin zuciya. Daga nan ciniki ya buɗe.

Can sai na hango Mushe. Ban taɓa ganinsa babu alli a hannu ba. Yana sanye da jallabiya da silifa, yana riƙe da jakar cefane nesa da jikinsa kamar ba tasa ba. Na shige bayan Kaka na ja mayafi har hanci. Ya gaishe ta, ya ce uwargida ce ta ce ya biyo da daddawa. Kaka ta laluba ta miƙa masa.

Na gane shafin. Akwai zanen kusurwa uku a kansa da ɗigon tawada a gefe inda bik ɗina ya yi amai. Jiya da la'asar na ga abin da Kaka ta naɗe a ciki. Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Amma malamina ne, ga shi tsaye da silifa, yatsun ƙafarsa duk a waje, sai muryata ta ƙi fita. Ya jefa ƙunshin a aljihun jallabiya ya tafi.

Kafin azahar doguwar ta dawo da sauri, mayafi a karkace. Ta tsuguna, ta yi magana ta cikin haƙora.

"Inna, miya kinka ce in yi mishi?"

"Wa?"

"Direban da na bari zaune bisa benci! Na buɗe ƙunshi, daddawa. Na tona tsakiya, daddawa. Har ƙasa daddawa."

"To ina take?"

"Na ba shi shi riƙe. Na ce kar shi motsa."

"Bai ce a yi hakanan ba?"

"Ya ce. Na ce mishi ga ƙofa, ga hanyar Yamai, ga daddawa guzuri."

Kaka ta jawo kwandon tsakanin ƙafafunta, ta yaye mayafinta ta lulluɓe kanta da kwandon gaba ɗaya. A tsakiyar kasuwar Filinge, ga rana, ga tsohuwa ta zama tanti, tantin yana motsi yana fitar da wari. Wata mai gishiri ta tambaya ko lafiya. Doguwar ta ce Inna na addu'ar neman ciniki ne, kada a dame ta. Mai gishirin ta ce Allah shi karɓa.

Da Kaka ta fito, gumi na zuba daga haɓarta, ta tura wa doguwar ƙunshi ɗaya, ta tura huɗu ƙarƙashin cinyarta. Biyar ke nan.

"Saura guda," in ji ta. "Wa munka saida ma?"

A nan ne muryata ta dawo. Na ce, "Mushe."

Doguwar ta dubi Kaka, ta dube ni. Ta mai da asuwakinta baki ta tafi, ba ta ko yi dariya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ran Litinin Mushe ya shigo aji da rigar da ba a goge ba, maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba. Ya rubuta tambaya guda a allo, ya zauna yana kallon taga har aka kaɗa ƙararrawa. Da kowa ya fita ya ce in tsaya. Ya ciro takarda daga aljihu ya shimfiɗa a tebur. Kusurwa ukuna ce, ta yage, duk jan barkono a jikinta.

"Wannan rubutunki ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya sa yatsa a kan ɗan yabon da ke gefe. "Wannan kuma nawa ne. To. Kai ni wajen kakarki."

Ina gaba yana baya da taku uku har gida. Muka tarar da kawuna a zaure yana gyaran rediyo.

"A'a, Mushe da kansa? Mi ta yi?"

Mushe ya share gumi. "Ta ci lissafi."

"Shi ne ka biyo ta har gida?"

"Ta ci da yawa. Na zo in gaya wa Inna."

Kawu ya dube ni da mamaki, ya matsa muka wuce.

A ɗakin Kaka, Mushe ya durƙusa a bakin tabarma ya ba da labari yana kallon ƙasa. Ya kai cefane, ya ciro ƙunshin daga aljihunsa da hannunsa ya ba matarsa. Ita kuma tana goye da yaro, wani na jan zanenta, ta kwance ta juye a turmi a kan barkono da albasa ba tare da ta duba ba. Ta yi ta daka. Daddawa ta ƙi dakuwa. Taɓarya na sauka tana dawowa, wani abu na fashewa tas, tas. Da ta leƙa, sai ta ɗauki takardar ta ga rubutun mijinta. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauko turmin ta dire a gabansa, ta jingina taɓaryar a kafaɗarsa, ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya. A ganinta ƙunshi biyu ne a aljihunsa, ya yi kuskure ya ba ta na wata. Motar Bonkuku take jira, gidan iyayenta.

"Inna, ki taimake ni. Ke kaɗai za ta yarda da ke."

"Kai ka ja," in ji Kaka. "Kana ƙwanka lafiya lau, gari na zaune lafiya. Wa ya ce ka mai da ta bencin gaba?"

Mushe ya dube ni yana neman bayani. Na dubi bango. Kaka ta yi masa bayanin da kanta, a taƙaice. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Matar taka," in ji Kaka, "ba ita ce mai saida ƙanƙara ba?"

"Ita ce."

"Wadda in kaza ta yi tari a unguwarku, kafin azahar an ji a Bonkuku?"

Ya ce, "Ita ce, Inna."

Kaka ta daɗe tana murza carbi ba tana ja ba. In ta yi shiru, aure ya mutu. In ta yi magana, kafin Lahadi kawuna ya ji, kwalin ya zama toka, doguwar kuma ta rasa abin da take riƙe rantsuwarta da shi. A ƙarshe ta ce asirin ba nata ba ne, sai ta tambayi masu shi. Ta ce in kama hannunta.

Muka bi ta bayan tasha, Mushe ya tsaya nesa yana karanta wata tsohuwar takarda a jikin falwaya da duk hankalinsa. Ba mu shiga gidan ba. Kaka ta yi kira ta kan katanga, doguwar ta leƙo da kumfar wanki a hannu. Ta saurara har ƙarshe. Na ga kumfar tana bushewa a hannunta tana fashewa ɗaya-ɗaya.

"In ta tona hwa?" in ji ta.

"In ta tona, kwando ya mutu."

Doguwar ta dubi ƙasa. "To sai in rufe ɗaki in ga abin da Allah za shi yi. Ba ni buɗewa hakanan, ko yunwa za ta kashe ni." Ta goge hannu a zane. "Tahi ki hwaɗa mata, Inna. An ce na kashe aure da yawa a garin ga. Ban son a ƙara min da na mutumin da ko fuskarshi ban sani ba. Wane ne ma?"

Kaka ta nuna wajen falwaya da haɓa.

"Wancan? Allah sarki."

A gidan Mushe yara biyar muka tarar a tsakar gida, kai bisa kai kamar matakala, na ƙarshe bai fara zama ba. Ga ƙullin kaya uku a bakin ƙofa. Ga turmin a tsakiya an rufe shi da faifai an ɗora dutse, kamar abin ciki zai gudu. Matar Mushe ta fito idonta a kumbure, ta durƙusa ta gai da Kaka, don ita ta karɓi haihuwar ɗanta na fari. Kaka ta kori Mushe waje, ta ce in zauna a bakin ƙofa in riƙe jaririn. Suka shiga ɗaki. Labule ne kawai tsakaninmu.

Kaka ba ta ɓoye komi ba, daga kwalin sabulu har ragon. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta ƙare da cewa, "Ɗiyata, ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Yanzu rayuwar mata shida tana bakinki."

Shiru. Ban taɓa jin an ce matar nan ta yi shiru ba. Sai wani sauti ya fito, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta yi ta yi har ta shaƙe.

"Inna, na daka su! Har da albasa! Ina ta zagin mai daddawa a zuci, na ce tsohuwar nan ta fara algus!"

Dariyar ta koma kuka na gaske, sannan ta tsaya. Na ji ta ja majina. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa har sai da na daina jijjiga jaririn.

"Inna, ta Yamai ɗin iri guda ce?"

"Kamar ƙaƙa?"

"Wadda ake haɗiya. Ta hutu. Kin ga biyar, babban ko haƙoran gaba bai zubda ba. Bayana kamar an sa gatari. Na so in tahi likita, amma duk wadda ta zauna bisa bencin nan, kafin ta kai gida an san abin da ya kai ta." Ta ɗan tsaya. "Ni ma ina cikin masu hwaɗi."

"Na sani," in ji Kaka. "Waccan ba a ba da ita kamar daddawa. Sai matar likita ta gan ki, ta auna jininki, ta hwaɗa miki wadda ta dace da ke. Zan ce mata ta biyo sayen ƙanƙara ran Alhamis. Amma ki shawarci mai gidanki."

Daga bayan katanga muryar Mushe ta ce, "Na yarda."

"Wa ya ce ka saurara?" in ji matarsa. "Shigo ka kwance kayan ga, kai ka sa na ɗaure."

A hanyar komawa Kaka ta tsayar da Mushe a bakin ƙofarsa. Ta ce ladanta ƙwai shida ne duk mako, manya, irin na da. Ya ce a ba shi farar takarda ya zana. Kaka ta ce farar takarda da ƙwai sai mutane su yi tambaya, a kan lissafi take so. Ya ce shi kuma shekararsa goma sha ɗaya yana koyarwa, bai taɓa sa sifiri a kan amsar da take daidai ba, kuma ba zai fara ba. Suka tsaya suna kallon juna. Sannan su biyun suka juyo suka dube ni.

Haka na samu kaye na biyu. Duk ran Juma'a bayan an tashi, in zauna in yi lissafi shida ba daidai ba da gangan, shi kuma ya duba su ɗaya bayan ɗaya da gaske, yana bin kowane layi da bik, kafin ya karkata kai ya ja ƙwansa. Abin da wuya fiye da yadda ake zato. Sau biyu na yi kuskure amsar ta fito daidai, ya ƙi sa ƙwai, ya ce in sake. Wata rana kawuna ya tsinci kayen a kan tabarma, ya buɗe ya ga ƙwai shafi bayan shafi. Ya ce ashe Mushen nan kunyar Inna ya ji ya yi mana ƙarya. Ya sayo min fitila mai cajin rana don in ƙara ƙoƙari.

Lahadi ta zo, wata ta biyo ta, babu wanda ya ce komi. Matar Mushe ta ci gaba da ba da labarin kowa a unguwa, amma in an ambaci daddawa sai ta tashi duba ƙanƙara. Mushe kuwa bai ƙara zuwa gindin gawon ba. In ya biyo layinmu, ta wajen masu gishiri yake zagayawa.

Lahadin farko da sabon ƙwan ya fita, doguwar ta zo da hantsi ta tsuguna.

"Inna, akwai ta Yamai?"

Kaka ta miƙa mata ba tare da laluba ba. Ta juya ƙunshin, ta ga jan ƙwan a sama, ta shafa shi da babban yatsa. Ta leƙo bayan Kaka.

"'Yar lakkwal, kin warke?"

Na gyaɗa kai.

"Allah shi ƙara." Ta soke ƙunshin a ƙugunta ta ɗaure da bakin zane sau biyu. Har ta miƙe sai ta dawo ta sake tsugunawa. "Af, Inna, ki ban ta gaske guda biyu. Direban nan ne. Ya kai waccan gida, wai matarshi ta ce ba ta taɓa cin daddawa mai daɗinta ba."